KASHI NA 27: Soron da ke jiran rabon gado a cikin Birnin Zazzau

Waɗanda data ba ta ishe su sauke murya ba, ga shi an rubuta muku kamar yadda muka saba, sai a karanta a tura wa na kusa. Na ga saƙonninku a kan shirin da ya gabata, na gode ƙwarai, har da waɗanda suka yi min wankin babban bargo. Allah ya bar zumunci.

Yau da tambaya zan fara. A bazarar nan, a ina kake kwana? Tsakaninka da Allah. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ka kwanta a ɗakin bulo mai rufin kwano, ka taɓa bango ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka ji shi kamar tanda. Ni dai na sha jiƙa zani in lulluɓa, kafin minti ashirin ya bushe. Maƙwabcina da ke da jariri yakan fito da tabarma bakin ƙofa, sauro na cinsu, yana yi wa yaron fifita har asuba. Kuma mu duka gidajen zamani muke ciki, waɗanda aka kashe wa kuɗi, aka sa tayil, aka yi fenti.

To, makonni biyu da suka wuce na shiga wani gida a cikin birni, ƙarfe biyu na rana, wayata tana nuna zafi ya kai digiri 39, na zauna a ɗakin da babu fanka babu komai, har na ji barci yana neman ɗaukata. Labarin gidan nan zan ba ku yau. Ba zan faɗi unguwa ba, ba zan faɗi sunan kowa ba, saboda akwai maganar gado a kansa, kuma mutanen gidan sun karɓe ni da mutunci.

Wani abokina ne ya kira ni, tare muka yi sakandare. Ya ce, "Kai da kake ta surutu a kan tarihi, zo ka ga gidan kakanmu kafin a rushe." Na ce wa zai rushe? Ya yi dariya ya ce, "Mu." Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na ɗauki ƙanwata, wadda take karatun zanen gine-gine a Samaru, muka hau bas muka sauka Ƙofar Doka, muka shiga ciki. Wanda ya san cikin birni ya san yadda lungunan suke: ka bi nan, ka karya nan, ka ratsa gefen kududdufi, ka wuce gindin rimi. Abin da na lura da shi a hanya shi ne, a duk gida biyar da wuya ka ga ɗaya da ya rage da fuskarsa ta dā. Sauran an fasa zaure an fitar da shago, ko an tuge zankwaye an ɗora kwano.

Muna karya wata kwana sai ga shi. Zankwaye a kan rawaninsa kamar kunnuwan zomo, indararo ya miƙo waje, fuskar zauren cike da zayyana. A tsakiya dagi ne, a gefe takobi, sannan abin da ya ba ni dariya: keke da agogo, an fito da su ɓaro-ɓaro a jikin bango. Kakan abokina ɗan kasuwa ne, ya gina gidan a shekarun 1950, gab da samun 'yancin kai. A lokacinsa wannan shi ne gidan zamani. Mutum ne da ya hau jirgin ƙasa, ya ga Kano, ya ga Ikko, ya ga siminti da kwano da idonsa, kuma yana da kuɗin saye. Ya dawo ya yi gininsa da ƙasa da azara, ya yi wa fuskar shafen siminti don kare zayyana, ya sa kekensa a bango don duniya ta san shi ma ya waye. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Schwerdtfeger ya yi shekaru yana nazarin gidajen Zariya, har ya rubuta littafi guda a kan irin wannan ado na fuskar gida. Mu kuwa muna wucewa ta gabansu kullum ba ma ko ɗaga kai.

Muka yi sallama. A zaure muka tarar da dattijon gidan, wan mahaifin abokina, ya doshi tamanin. Muka durƙusa muka gaishe shi. "Baba, ina wuni, ina gajiya, yaya zafi?" Ya ce, "Zafi yana wajenku, ɗana. Shigo ka zauna."

Wallahi ina sa ƙafa na ji bambanci. Kamar ka buɗe randa ka sa hannu. Na ɗaga kai ina neman fanka, babu. Abin da na gani shi ne bakan gizo guda biyu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, an manna tasa mai fure a mahaɗarsu. Baba ya ce wannan shi ake kira daurin guga, saboda ya yi kama da yadda ake gicciya itace a bakin gugan rijiya.

Na ce, "Baba, don Allah yaya aka yi wannan ya tsaya shekara saba'in babu rodi?" Ya ce yana yaro aka yi shi, shi ma ya ɗauki ƙasa a ka. Bari in ba ku yadda ya bayyana, don ni kaina ban taɓa jin sa daki-daki haka ba.

Da rani ake gini. Ana haƙo ƙasa a kusa, kuma ramin da aka bari shi ne kududdufin da muka wuce. A jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake tattakawa. Sannan a cura tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana har ya bushe ƙamas. Idan an zo jerawa, gindi a ƙasa, tsini a sama, ana cike tsakani da kwaɓi. Bangon a ƙasa yake da kauri, yana hawa yana sirancewa. Na gwada kaurin bangon zauren a bakin ƙofa, daga gwiwar hannuna zuwa yatsu bai kai ƙarshensa ba.

Rufi kuma azara ce, wato gangar giginya da aka tsaga, kuma ta namijin giginya aka fi so. Gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa take daɗewa. Amma azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan faɗin ya wuce kamar ƙafa shida. To yaya za ka yi ɗaki mai faɗi? A nan gwanintar take. Magini zai kafa azara a cikin bango ta ɗan karkato, ya ɗaure wata a kanta da igiya ta ƙara karkatowa, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe, ya sake ɗaura wata. Ɗaya ɓangaren ma haka. Suna tahowa sannu a hankali har su gaisa a tsakiya. Shi ke nan, bakan gizo ya tsaya. A jera azara a tsakani, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da tulluwa don ruwa ya gangara ya bi indararo.

Ƙanwata ta ƙara da nata bayanin na makaranta. Ta ce, "Yaya, sirrin yana cikin kauri. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa bango mai kauri haka. Kafin ya iso ciki, rana ta faɗi. Bulo kuwa siriri ne, ga rami a ciki, kwano kuma ko minti goma ba ya yi yake ɗaukar zafi." Baba ya ce, "Haka ne, 'yata. Amma faɗi sauran. Da dare a bazara bangon yakan sako zafin da ya sha, shi ya sa muke kwana a tsakar gida. Da hunturu kuma wannan ɗumin shi ne bargonmu." Kun ji. Gidan yana da wurin zaman rana, yana da wurin kwanan bazara, yana da na hunturu. Mutum ne yake zagayawa cikin gidansa yadda shekara take zagayawa.

Aka yi mana iso muka wuce shigifa. Ni a nan na tsaya sai da aka sanar a ciki, don gidan mutane ne ba gidan kallo ba. Da aka ce mu shigo, na ga tsakar gida mai faɗi, daɓe sumul, ga dogon yaro ya yi rumfa, ga zogale, ga lalle a jikin katanga, ga rijiya, ga randuna biyu a inuwa. Tagogin ɗakunan ƙanana ne kuma suna can sama, don iska mai zafi sama take yi. Bangon gabas ya fi ko'ina shan yaɓe. Baba ya ce ai daga gabas hadari yake tasowa, can ruwa yake duka, don haka can ake fara kulawa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na tambaye shi abin da ke hana rufin shan ruwa. Ya ce laso. Na ce mene ne laso? Ya dube ni kamar na ce ban san tuwo ba. Laso haɗi ne na katsi, wato abin da ake kwasowa a gindin rijiyar marina a ƙona, da gashin awaki daga wurin majema, da ruwan dafara mai yauƙi. A jikin bango kuma makuba ake shafawa, daga ɓawon ɗorawa.

Ku tsaya ku lissafa tare da ni. Marini ya rina shuɗi, abin da ya rage ya tafi kan rufi. Majemi ya jeme fata, gashin ya tafi kan rufi. Ɗorawa ta ba da garin da yara ke sha, ta ba da kalwar daddawa, ɓawon ya tafi jikin bango. Giginya ta ba da 'ya'ya da muruci, da ta tsufa ta zama azara. Ramin da aka haƙa ya tara ruwan damina. Idan ɗaki ya faɗi, a jiƙa ƙasarsa a sake cura tubali. Ba abin da aka yar, ba abin da aka ɗauko daga bakin teku. Yau muna zuwa taro a otal ana koya mana kare muhalli da majigi, a ba mu ruwan roba. Kakanninmu ba su san sunan abin ba, suna dai yin sa.

Kuma a nan matsalar take. Baba ya ce rabonsa da samun laso na gaske ya manta, saboda marinar unguwarsu ta mutu tun tuni. Azara sai an yi oda daga nesa, ga tsada, saboda an sare giginya ba a dasa ba, ita kuwa sai ta shekara da shekaru kafin ta isa sara. Maginin da yake yi musu yaɓe duk shekara ya tsufa, 'ya'yansa ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana sayar da kayan waya. Ashe gidan ƙasa ba ya mutuwa shi kaɗai. Sana'o'in da ke riƙe da shi ne suke fara tafiya.

Ina cikin wannan yabo, ina ɗaukar hoto ta ko'ina, sai matar Baba, wadda kowa ke kira Iya, ta leƙo daga madafi. Ta ce, "Kai yaro, ka gama?" Na ce, "Saura kaɗan, Iya." Ta ce, "To ka dawo watan Agusta ka ɗauki hotona ina jera kwanoni a ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Kowa ya yi dariya, amma ni jikina ya yi sanyi. Ta ce shekara uku ke nan ba a yi wa ɗakinta gyaran kirki ba. Idan aka kwana ana ruwa ba ta runtsawa, tana sauraron rufi, ga jikoki a kwance. Ta ce ɗakin akwai duhu, idonta kuma ya yi rauni. Kududdufin da nake yabo, shi ke kawo musu sauro, kuma ya zama juji.

Ba ni da abin cewa. Gaskiya ta faɗa. Duk damina muna jin labarin gini ya faɗa wa mutane, kuma sau da yawa ginin ƙasa ne da aka bari babu gyara. Duk wanda zai zo yana yi muku waƙar ginin gargajiya bai faɗi wannan ba, to ɗan yawon buɗe ido ne.

Yanzu mu koma kan abokina. Muka fito dakali muka zauna, na ce masa, "Don Allah me ya sa za ku rushe?" Ya ce, "Ka san mu nawa ne magada? Iyayenmu sun rasu, Baba kaɗai ya rage. Mun fi ashirin. Ni na gama digiri shekara biyar ba aiki, an sa min rana, ba ni da ɗaki. Wani ya zo zai saya ya fitar da shaguna. In aka raba, zan samu jari. Kai za ka ba ni?" Na yi shiru. Ya ce, "Kuma ku naku soron yana ina?"

Nan ya same ni. Don mu ma muna da shi. Ina aji uku na sakandare aka rushe zauren kakanmu aka yi na bulo, kuma wallahi ni na fi kowa murna. Ina jin kunyar abokaina su rako ni gida su ga ginin ƙasa. Har na taya lebura kwashe ƙasar. Ko hoto ɗaya ba mu da shi. Don haka ban isa in nuna wa kowa yatsa ba. Gado haƙƙi ne da Allah ya raba, ba wanda zai hana magaji rabonsa saboda ni ina son zanko.

Da muka taso, na ce wa ƙanwata mu biya ta fada mu yi la'asar a Masallacin Juma'a. Da yawanmu mun yi sallah a nan ba adadi, ba mu san abin da ke cikinsa ba. Tsohon masallacin an gina shi ne zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma wanda ya gina shi shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ake kuma kira Malam Mika'ilu. Da ƙasa da azara, irin dai na gidan Baba, amma a ma'auni na sarakuna: ginshiƙai masu kauri, bakan gizo a kan bakan gizo, zane a jikin kowane ginshiƙi. Saboda mamakin aikin, labarin baka ya ce da dare yake gini, wai har aljanu na taya shi. Aljanu dai ba mu gani ba, amma mun san akwai ɗimbin mutane da suka tattaka ƙasar nan suka ɗauke ta a ka, cikinsu har da bayi, waɗanda tarihi bai riƙe sunayensu ba. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na kankare ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Namu ma sun yi ƙoƙari: Farfesa Hamman Tukur Sa'ad a kan maginan ƙasar Hausa ya yi digirinsa na uku. Ilimin yana nan a rubuce. Mu ne ba mu je mun ɗauko ba.

A bas muna komawa ƙanwata ta nuna min wani gida a wayarta. Sunansa Fallingwater, yana jihar Fensilbaniya a Amurka. Frank Lloyd Wright ne ya zana shi a 1935, aka ɗora shi a kan wani rafi daidai inda ruwa ke zubowa daga dutse, da duwatsun da aka fasa a wurin. Duk ɗalibin zanen gini a duniya ya san shi, a matsayin gidan da ya zauna lafiya da muhallinsa. Tun 1964 aka buɗe shi ga masu ziyara, a 2019 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Ta ce, "Yaya, zan iya zana maka gidan nan da ka. An kuma koya mana ginin Hausa a aji, na ci jarrabawar. Amma sai yau na taɓa zama a ƙarƙashin daurin guga, ga shi tafiyar rabin awa ce." Sannan ta faɗi abin da ya sa na ce lallai sai na yi wannan shiri. Ta ce shi ma Fallingwater yoyo yake yi, kuma barandarsa ta yi ta saunawa har sai da aka kashe miliyoyin daloli aka ƙarfafa ta a 2002. Ba wanda ya ce a rushe a yi shaguna. Nasu ya yi yoyo sun kira injiniya. Namu ya yi yoyo mun kira mai diga.

Wani zai ce ai su suna da kuɗi. To mu leƙa maƙwabta, waɗanda ba su fi mu ba. A garin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, kuma a 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine. A Dandaji, duk a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. A Barkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama ya bar sarari tsakaninsa da silin don iska ta riƙa ratsawa. Kwanon ya tare ruwa, ƙasar ta tare zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni. Kun ga amsar yoyon Iya tana nan, an riga an gwada ta a ƙasa mai zafi irin tamu. A ɗaga tushe da dutse ko siminti don kada ruwa ya ci gindi, a faɗaɗa taga a sa raga, a kare rufi, a bar kaurin bango yadda yake.

Kuma ku tuna a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma. Matashi nawa ne a cikinmu zai iya gina ɗaki biyu da falo a haka? Ga shi masana sun ce sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Muna sayen abu da tsada, ya dafa mu da rana, mu sayi janareta da mai don mu huce, zafin kuma ya ƙaru. Ƙasar da muke takawa kuwa mun ce ta talaka ce.

To me nake roƙo? Abu huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, idan akwai soro a gidanku ko a unguwarku, ka nemi izini ka ɗauki hotonsa ciki da waje, ka auna shi ko da igiya ce, ka zauna da dattijon gidan ka naɗi muryarsa: wa ya gina, yaushe, da me. Ko an rushe gobe, wani abu ya rage. Kada ku yi irin tawa.

Na biyu, ku nemo tsofaffin magina tun suna raye. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a cikin birni, kuma akwai dattawan da suka gaji wannan sana'a a lunguna da dama. Ɗaliban gine-gine da injiniyoyi, ku je ku durƙusa ku koya, kuma ku biya su. Ilimi ne, ba tatsuniya ba.

Na uku, aikin gayya. Ƙungiyoyinmu na unguwa suna yashe kwata kafin damina, madalla. Me zai hana mu ƙara da yaɓen ɗakin tsohuwa guda ɗaya a kowace unguwa? Wannan ceton rai ne kafin ya zama adana tarihi.

Na huɗu, masu hali da masu mulki. Idan gida irin wannan ya zo sayarwa, a samu mai saye ya biya magada haƙƙinsu cif, ya bar ginin a tsaye, ya zama ɗakin karatu, ko wurin koyon sana'a, ko masaukin baƙi. Magaji ya samu jarinsa, gari ya riƙe abinsa. Kuma duk mai gona a cikinmu ya dasa giginya da ɗorawa, ko ba zai ci moriyarsu ba.

Kafin mu bar gidan ranar, na koma yi wa Baba sallama. Na ce, "Baba, kai me kake so?" Ya ce, "Ɗana, ni ba zan hana yara haƙƙinsu ba. Abin da na roƙe su kawai, su bari a fitar da ni ta wannan zaure, yadda aka fitar da mahaifina. Bayan nan su yi abin da Allah ya nufa."

An sa zaman magada bayan Sallah. Na roƙi abokina abu ɗaya: ya kai shawarar a sayar da filin baya da ɗakunan da suka riga suka zube, a bar zaure da shigifa da ɗakin Iya. Ƙanwata da abokan karatunta uku sun ce za su auna gidan kyauta su zana yadda za a kare rufin. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ce in kawo masa lissafi a takarda, don 'yan uwansa ba za su ci tarihi ba. Ina ganin ya yi adalci, kuma lissafin muke yi yanzu. Ranar Asabar mai zuwa za mu je da matasa mu taya tsohon maginin nan gyara ɗakin Iya kafin ruwa ya sauka. Mai son zuwa ya turo saƙo, ya zo da kayan da ba ya tsoron su ɓaci.

Ku faɗa min, a gidanku akwai soro? Yana tsaye ko an rushe? Wanda kuma yake kwana a ginin ƙasa yanzu haka, shi na fi son ji daga bakinsa, daɗinsa da wahalarsa duka.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga faɗuwar gini. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.